HMS Queen Elizabeth: Ƙirar Zamani da Al'adun Mayaƙan Ruwa

Ranar 4 ga Yuli, 2014, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta isa Rosyth a ƙasar Sikotilan domin raɗa wa wani jirgin ruwan yaƙi suna. Bisa al'adar Turawa akan fasa kwalbar giyar shamfen a jikin sabon jirgi, amma a wannan rana wiskin tsibirin Islay aka fasa, don girmama ƙasar da aka harhaɗa shi. Mutane da yawa sun ɗauka sunan Sarauniyar da ke tsaye a wurin aka ba jirgin. Gaskiyar magana ita ce ya gaji sunan wani jirgin yaƙi ne na 1913, wanda shi kuma ya ci sunan Elizabeth ta Farko, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603.

Jirgin mai ɗaukar jiragen sama ne. Tsawonsa ya kai kimanin mita 280, nauyinsa kuwa wajen tan 65,000, kuma an ƙera sassansa a ma'aikatu shida na Birtaniya kafin a jawo su ta teku a haɗa su wuri guda. Abin da ido kan fara kamawa a jikinsa shi ne hasumiya biyu da ke bisa doronsa, maimakon ɗaya da aka saba gani. Dalilin haka na injiniyoyi ne. Jirgin yana da manyan injuna biyu na Rolls-Royce masu samar da wutar lantarki, kowanne yana buƙatar hanyar shaƙar iska da bututun fitar da hayaƙi. Da aka raba su, aka ɗora wa kowanne hasumiyarsa, sai bututun suka gajarta, fili ya ƙaru, kuma harsashi ɗaya ba zai kashe injunan duka ba. Daga hasumiyar gaba ake tuƙa jirgin, daga ta baya ake kula da tashi da saukar jiragen sama.

Ɗaliban fiziks za su fi jin daɗin goshin jirgin, inda aka yi wani tudu mai hawa da kusurwar digiri 12 da ɗoriya. Jirgin sama na buƙatar gudu mai yawa kafin fikafikansa su ɗauke shi, kuma doron jirgin ruwa bai kai tsawon da zai ba shi wannan gudu ba. Tudun nan yana cilla shi sama, wato kamar dutsen da aka jefa a karkace, sai ya sami 'yan daƙiƙoƙi a sararin sama yana ƙara gudu kafin nauyinsa ya rinjaye shi. Jiragen F-35B da yake ɗauka suna iya sauka a tsaye, injinsu na hura wuta ƙasa, shi ya sa aka shafe wuraren sauka da haɗin alminiyam da titaniyam mai jure zafi.

Duk da wannan fasaha, tambarin jirgin tsohon yayi ne. A tsakiyarsa akwai furen gidan sarautar Tudor, ja da fari, wanda ke tuna haɗewar gidajen Lancaster da York bayan Henry na Bakwai ya hau gadon sarauta a 1485. Zanen igiya ya kewaye shi, a sama kuma akwai kambin mayaƙan ruwa, wanda aka jera wa filafilai da ƙeyar jirage irin na da. Takensa na Latin ne, Semper Eadem, ma'ana kullum yadda take, kuma shi ne taken Elizabeth ta Farko. Kafin 1918 kowane kyaftin kan zaɓi alamar da ya ga dama. Daga baya aka kafa kwamiti ya tsara abin, har siffar tambari ta riƙa nuna irin jirgi: da'ira ga manyan jiragen yaƙi, garkuwa ga ƙananan maharba. A 1940 aka koma ga da'ira. Sabon jirgi yana gadon lambobin yabon wanda ya riga shi suna, saboda haka wannan jirgi na ɗauke da yabon yaƙin Dardanelles na 1915, kusan shekaru ɗari kafin ya taɓa ruwa.

An shigar da shi aiki a Portsmouth ranar 7 ga Disamba, 2017, aka ɗaga masa farar tutar rundunar. Tun daga ranar, muddin yana tasha, kowace safiya ake ɗaga tutar da girmamawa, a sauke ta da faɗuwar rana. Idan babban hafsa zai hau, akan busa masa wani ɗan usur wanda asalinsa na ba da umurni ne, domin ƙararsa tana ratsa rugugin iska inda murya ba ta kai ba. Rundunar ruwan Nijeriya, wadda ta tsiro daga tsarin Ingila, ta gaji irin waɗannan ɗabi'u, kuma jirginta mai sunan Hausa, NNS Aradu, ya halarci bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a 2005.

Wani na iya cewa duk wannan ɓata lokaci ne. Hujjar hafsoshi ita ce mutum kusan 1,600 ba sa zama lafiya cikin ƙarfe ɗaya a tsakiyar teku sai kowa ya saba yin ƙaramin abu daidai, a kan lokaci, ko ba a sa masa ido ba. Hujjar tana da ƙarfi. A watan Nuwamba na 2021, a Bahar Rum, wani F-35B ya taso daga doron wannan jirgi, ya kasa yin gudu, ya gangara daga kan tudun ya faɗa teku. Matuƙin ya tsira da ransa. Bincike ya gano cewa wani murfi da ake toshe mashigar iskar injin da shi lokacin ajiya ne ya maƙale a ciki, ba a lura ba.