Kafin a aza tubalin farko, ki zana gidanki da toka

Duk lokacin da aka buɗe akwati aka yi rabo, in kika tambayi mata me za su yi da kuɗinsu, ba za ki rasa mai cewa gini ba. Wata za ta ƙara wa maigida ya sayi kwano, wata ta sayar da raguna ta sayi bulo, wata kuma filinta ne na gado take son ta tayar. Tun da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, kuɗin asusu ya shiga gine-gine da yawa a ƙasar nan. Amma ranar da magini zai ja igiya ya fitar da ɗakuna, sau nawa ake kiran matar gida ta zo ta gani? Ga shi kuwa ita ce za ta wuni a ciki, ta yi girki, ta yi wanki, ta yi reno, ta yi sana'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni kaina na sha wannan. Da muka yi namu ginin, ban je filin ba sai da bango ya kai ƙirji. Na tarar an sa madafa a yamma, inda ranar la'asar ke dukan mutum, makewayi kuma dab da ƙofar ɗakina. Na yi magana, aka ce mini sai dai a rushe, kuɗin rushewa kuwa babu. Yau shekara da shekaru ina tuƙa tuwo rana na gasa mini baya. Don haka na ce bari mu tattauna wannan magana tun kafin rabo mai zuwa.

Abin da gidajen Birni ke koya mana

Wadda ta taɓa ratsa lungunan Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, ta ga gidajen da suka daɗe a tsaye. Garin ya bunƙasa ne a zamanin Sarki Tanimu, a tsakiyar ƙarni na 19, shi ne kuma babban birnin Nijar a ƙarƙashin Turawa har 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. A 2006 ƙasarmu ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Baƙi suna zuwa kallon zanen bango da zankwaye. Mu kuwa abin da ya kamata mu kalla shi ne yadda aka jera ɗakunan.

Za ki fara shiga zaure, inda maigida ke karɓar baƙi. Daga nan sai ƙofar gida, wani ɗan fili inda samari da baƙi maza ke da ɗakinsu. Sai shigifa, sannan cikin gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don haka mai wucewa a hanya ba ya hango matar da ke tsakar gida ko da zani ɗaya ta ɗaura. Ɗakunan ƙanana ne, don azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ya wuce kusan mita 2, sai magini ya yi dabarar bakan gizo. Amma tsakar gida a wadace take, domin a can rayuwa take.

Yanzu fili ya ƙanƙance, kuma yayi ya koma ga babban salo. Sai ki ga an cinye rabin kuɗin gini a salon da ba a shiga sai ranar suna, mata da yara kuma suna matse a ɗan lungu. Ba dole mu koma ginin kakanni ba, amma tsarinsu na sutura da sarari bai tsufa ba. A Yamai ma, gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka kammala a 2016 da hannun Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, da abokan aikinta, da tubalin ƙasa aka yi su, kuma daga tsarin tsoffin biranen Hausa irin namu suka ɗauki darasi.

Ki san filin kafin ki san ɗaki

Abu na farko, ki je filin da damina, a watan Agusta, washegarin babban ruwa. Ina ruwa ke kwanciya? Ta ina yake fita? Hanya ta fi filin tudu ko filin ya fi ta? Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar, har tsohon masallacin Birni, wanda aka gina wajen 1850, ya faɗi a farkon Satumba. In ruwa ya kayar da ginin da ya haura shekara 170, ɗakin da aka dasa a kwari fa? A ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida, tsakar gida ta fi hanya, rariya kuma ta kasance a gefen da ya fi gangara.

Na biyu, Damagaram gari ne na duwatsu. A wasu unguwanni ba a nisa da haƙa ake cin karo da dutse. A gwada haƙa wurin ramin masai tun farko. In dutse ya tare, gara a sauya masa wuri a kan takarda da a gano bayan an gama ɗakuna.

Na uku, rana da iska. Hadari daga gabas yake taso mana, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa. Ranar la'asar tana dukan bangon yamma, a watan Afrilu da Mayu kuma, da zafi ke haura digiri 40, bangon kan riƙe zafin har tsakar dare. Saboda haka ƙofofi da tagogin ɗakin kwana su kalli kudu ko arewa, da rumfa a gabansu. Bangon yamma a jingina masa ɗakin ajiya ko makewayi, su sha ranar a madadinki.

Toka, igiya da turaku

Yawancinmu ba mu iya karanta zanen gida na takarda ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ga dabara. Ki ɗebi toka a kwano, ki samu igiya da turaku da abin awo, ku je filin ke da maigida da magini. A zana kowane ɗaki a ƙasa da girmansa na gaskiya, a bar gurbin ƙofa. Don kusurwa ta miƙe, a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan. In tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 daidai, kusurwa ta yi.

Sannan ki shiga gidan. Ki shimfiɗa tabarma inda gado zai zauna. Gado babba yana cin kusan mita 2 a tsawo, to ina kabad, ina jeren kwanoni, ina wurin salla? Ki ɗauki bokiti daga inda famfo zai kasance zuwa madafa, ki ƙirga taku. Ki tsaya a bakin zaure ki duba: ana hango ƙofar ɗakinki? Ki yi kamar dare ne, yaro na zawo, ki bi hanyar makewayi. Duk abin da bai yi miki ba, ki share da ƙafa a sake zanawa. Gyaran toka kyauta ne, na siminti kuwa sai an sayar da akuya.

Mu ɗauki fili mai mita 15 a 20, wato murabba'in mita 300. Ɗakuna uku masu 4 a 4 sun ci 48. Rumfa a gabansu, mita 12 a 2 da rabi, ta ci 30. Zaure da ɗakin sana'a, kowanne 3 a 4, sun ci 24. Madafa da ma'aji 12, makewayi biyu 6. Jimla 120 ke nan. Ko an cire kaurin bango, kusan rabin filin ya rage na tsakar gida, turken dabbobi da itace mai inuwa. Kin ga ashe wuri bai yi kaɗan ba, in ba a ba salo abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Wuraren da maza kan manta

Madafa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take, da damina daga kudu maso yamma. Kada murhu ya zauna a kan ɗayan layukan nan biyu da ƙofar ɗakin kwana, in ba haka ba hayaƙi zai zama abokin kwananki, yara su yi ta tari. A yi mata taga sama, da rumfa a gaba don girkin waje.

Ruwa. Kowa ya san halin garinmu. Ana jawo mana ruwa daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, famfo kuma kan yi kwanaki bai zo ba. A ware wuri mai inuwa, mai daɓe, na randuna da tano da jarkoki, kusa da ƙofar shigowa don mai garuwa ya sauke ba tare da ya ratsa cikin gida ba. In rufin kwano ne, a shirya inda ruwan sama zai zuba a tara shi.

Makewayi. A yi biyu in da hali: ɗaya kusa da zaure don baƙi maza, ɗaya a ciki. Mai zama ya fuskanci kudu ko arewa, kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Ramin ya kusanci bangon hanya don saukin kwashewa. A ƙauyukan da ke da rijiya a gida, kamar wajen Mirriya ko Matamaye, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kuma ya kasance ta gangare.

Sana'a. Mai ƙuli-ƙuli, mai alkaki, mai ɗinki, mai kiwo, kowace da bukatarta. Ɗan ɗaki a jikin bangon hanya mai taga waje yana sa ki sayar da kayanki kina cikin gida, ba sai kin ɗora wa yarinya talla ta rasa makaranta ba. Gobe in kin gaji, ki ba da shi haya.

Yara da tsofaffi. Addini ya ce a raba wa yara makwanci in sun kai shekara goma. Yaran da ke rarrafe yau, kafin ki farga sun kai. A fitar da gurbin ɗakin samari kusa da zaure, na ƴan mata a ciki, ko da ba yanzu za a gina ba. Ɗakin inna ko gwaggo kuma kada a yi masa matakala mai tsawo, ya kusanci makewayi.

Sai maganar da ba ma son ji. In gidan na mata biyu ne, ko maigida na da niyya, gara a faɗa a kan toka. Ɗakuna su zama daidai wa daida, kowace da ma'ajinta, ƙofofi kada su kalli juna. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, amma tsari mai kyau yana rage rabin fitina.

A gina kaɗan-kaɗan, a zana gaba ɗaya

Mai zubin dala ɗari a mako tana tara jikka 26 a shekara. Ɗaki ɗaya mai 4 a 4, tsayin mita 3, yana cin bulo kusan 600, ban da siminti da ƙarfe da rufi da ladan magini. Ke nan ba wadda za ta gama gida a rabo ɗaya. Ba laifi. Abin da ke ɓata gida shi ne a riƙa dasa ɗaki duk inda aka ga sarari, har a toshe iska da hanyar ruwa. A zana duka tun yau, a sa wani ɗan makaranta ya kwafe a takarda da awonsa, a ajiye. A fara da katanga, makewayi da ɗaki ɗaya da rumfarsa. Kuma kada a ci rancen asusu don gini, sai in akwai sana'ar da za ta biya, domin bango ba ya kawo riba ranar zubi.

Kuɗinki, shaidarki

Wannan ita ce ta fi duka nauyi. In filin naki ne, takardarsa ta ma'aikatar magajin gari ta fito da sunanki, a kuma nemi izinin gini kafin a fara. In na maigida ne kika zuba kuɗinki, ku yi magana a fili: kyauta ce, rance ne, ko kina da kaso a gidan? A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, ki adana takardun sayen kaya. Ba rashin yarda ba ne, rai ne ba a hannunmu yake ba. Ranar rabon gado, matar da mijinta ya bar ƴaƴa tumuni take samu, kashi ɗaya cikin takwas, in kuma su biyu ne ko uku su raba shi. Bulon da kika saya da kuɗin ƙuli-ƙulinki, in ba shaida, cikin dukiyar mamaci za a lissafa shi. Mun ga waɗanda suka fita daga takaba suka fita daga gidan da suka gina.

Yadda za ki ɗauko zancen ma dabara ne. Ba a gaban magini ko ƴan uwansa ba. Ki bari ya ci ya huta, ki ce, “Malam, ina son ranar da za a ja igiya a tafi da ni, in ga inda zan dafa maka tuwo.” Da wuya ya ƙi.

A taron mako mai zuwa, bayan an gama zubi, wadda ke da niyyar gini ta zana nata a ƙasa, sauran mu zagaya mu duba. Wadda ta riga ta gina ta faɗi abin da take da-na-sani a kai. Allah ya ba kowace ɗaya daga cikinmu muhalli na alheri, ya sa mu shiga lafiya, amin.