Ƙofar Ruwa da Ƙofar Intanet: Yadda Za Mu Kafa Rauta, Mu Kuma Tsare Ta

Yau muna so mu yi magana a kan wani ɗan akwati da ya fara shiga shaguna, da wuraren casar shinkafa, da ofisoshin ƙungiyoyin manoma, da makarantu, har da ofishin ikkilisiya. Sunansa rauta, watau na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba wa wayoyi da kwamfutoci ta iska, abin da ake kira waifai. Mutane da yawa sukan saya, su jona, su ga tana aiki, sai su ce an gama. Amma kuwa da sauran aiki, gama ba a riga an kulle ƙofa ba.

Bari mu ɗauki misali daga abin da muka sani. Ruwan da muke noma da shi yana fitowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can yana gangarowa da kansa ta babban kanal, ya shiga ƙananan kanal, ya bi 'yan hanyoyi har cikin gonar mutum. A kowace mararraba akwai ƙofa. Kowane manomi ya san wanda ke riƙe da makullin ƙofar nan shi ke da iko da ruwan. Idan aka bar ta ba tsaro, wani ya buɗe da dare, to, na ƙarshen kanal sai ya wayi gari tumatirinsa ya yi yaushi. Haka intanet take. Kamfanin waya ne ke turo ta daga dogon ƙarfensa, rauta kuwa ita ce ƙofar da ke bakin gonarmu. Duk saƙon da ya shiga ko ya fita, ta nan yake bi.

Me ya sa maganar nan ta zama dole yanzu? Wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, a lokacin kuwa galibi kira da gajeren saƙo ake yi da ita. Amma tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, sa'ad da aka sauya fasalin naira, har mai sayar da buhu ɗaya na shinkafa ya koyi karɓar kuɗi ta waya. Yau lissafin ƙungiya, da sunayen membobi, da kuɗin taki, duk suna ratsawa ta waɗannan na'urori. Ga kuma wani abu. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta umarta a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Layin da ke cikin rauta yana ɗauke da sunan wanda ya yi rajistarsa. Idan baƙo ya hau waifai ɗinmu ya damfari wani, sawun da masu bincike za su fara bi, ƙofar mai layin zai kai su.

Da fari, wurin ajiye ta. A sa rauta a sama, kusa da taga mai fuskantar inda ƙarfen kamfani yake, a tsakiyar wurin da za a yi amfani da ita. Kwanon rufi, da ƙofar ƙarfe, da bango mai kauri suna rage ƙarfin waifai, saboda haka kada a kulle ta cikin akwatin ƙarfe. Kada kuma a bar ta a rana, ko a lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu, gama zafi yana kashe ta. A riƙa goge ƙurar da busasshen tsumma. Yawancin sababbi suna da hanya biyu, ɗaya mai lamba 2.4, ɗaya mai lamba 5. Ta farin ta fi nisan zango da ratsa bango, ta biyun ta fi sauri amma sai a kusa. Game da wuta, a yi amfani da cajar da ta zo da ita. Idan za a tayar da janareta, a cire ta tukuna har wutar ta daidaita. Da damina in hadari ya taso da tsawa, a zare ta daga soket.

Na biyu, kuma shi ne zuciyar maganarmu: rauta tana da makulli biyu, mutane da yawa kuwa ɗaya kaɗai suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin waifai, wadda ake ba mai son hawa. Wannan kamar izinin shan ruwa ne. Na biyu shi ne kalmar sirrin shiga cikin na'urar kanta, inda ake juya dukan saitinta. Wannan shi ne makullin ƙofar ruwan. Idan muka juya rauta muka duba ƙarƙashinta, za mu ga wata 'yar takarda a manne. A kanta akwai adireshi na lambobi, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da suna da kalmar sirri da masana'anta ta sa. A na'urori masu yawa, sunan admin ne, kalmar sirrin ma admin. Duk wanda ya taɓa ganin irin na'urar ya san wannan. Wanda ya shiga nan yana iya korar mai ita, ya sauya makullai, ko ya karkatar da hanyar har mai neman shafin banki ya faɗa shafin jabu bai sani ba.

Kada mu ɗauka wannan tsoratarwa ce kawai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo cikin intanet tana gwada kimanin sunaye da kalmomin sirri 60 na masana'anta a kan rauta da kyamarorin tsaro. Da wannan kaɗai ta kama na'urori dubu ɗaruruwa, masu su ba su sani ba. A watan Oktoba na shekarar aka haɗa ƙarfinsu aka kai hari, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa a Amurka. Abin bai tsaya a ƙasar Turawa ba. A wannan shekara aka yi amfani da irinta aka afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, a 2019 kuma kotu a Landan ta ɗaure mutumin da aka biya ya yi aikin. A watan Afrilu na 2024 Ingila ta fara aiki da dokar hana sayar da na'urori masu irin wannan kalmar sirri mai sauƙin cinka. Mu a nan, da hannunmu za mu sauya ta, a ranar da muka jona na'urar.

Yaya ake yi? A haɗa waya da waifai ɗin, a buɗe inda ake duba shafukan intanet, a rubuta adireshin nan na lambobi, a shiga da sunan da ke kan takardar. Sai a sauya kalmomin sirrin duka biyu, kowace daban da 'yar'uwarta. Kada a sa lambar waya, ko sunan gari, ko sunan ikkilisiya, ko 12345678. Kalmar sirri ta lambobi 8 zalla, hanyoyin jera ta miliyan 100 ne, kwamfuta mai ƙarfi kuwa tana gama gwada su cikin mintoci. Abin da ya fi shi ne a haɗa kalmomin Hausa huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna, a sa lamba a tsakaninsu. Tsawo shi ne ƙarfinta. A rubuta a littafi, a ajiye inda ake ajiye takardun gona.

Na uku, a duba irin kullen da aka zaɓa. A cikin saitin waifai za a ga WEP, ko WPA2, ko WPA3. Tun 2001 masana suka nuna WEP ba ya riƙe ɓarawo. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 in akwai, in babu a zaɓi WPA2. Akwai kuma wani abu mai suna WPS, wanda aka yi domin sauƙin haɗawa. A 2011 aka gano ana iya cinkar lambarsa cikin sa'o'i kaɗan, saboda haka a kashe shi. Haka kuma a kashe saitin da ke ba da damar juya rauta daga nesa, sai dai in da dalili mai ƙarfi.

Na huɗu, maganar baƙi. Mu mutane ne masu karɓar baƙo, da wuya mu hana maƙwabci ko matasanmu in sun roƙa. Amma mu sani wayoyin yanzu suna iya nuna kalmar sirrin waifai a wani ɗan hoto, aboki ya ɗauka da tasa wayar ya hau. Ba mutum ɗaya, kamar ba mutum goma ne. Maganinsa shi ne hanyar baƙi, wadda yawancin rauta suke da ita. A buɗe ta da kalmar sirrinta dabam, a bar babbar hanyar domin kwamfutar ma'aji da na'urar cirar kuɗi. Lokaci lokaci a shiga a duba jerin wayoyin da ke kai. In an ga baƙuwa, a sauya kalmar sirri. Haka kuma in magatakarda ko yaron shago ya bar aiki, ko da cikin salama aka rabu.

Na biyar, a bayan rauta akwai wani ɗan rami. Wanda ya zura allura ya danna na kimanin daƙiƙa 10, ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, dukan makullanmu sun tafi. Saboda haka a ajiye ta a ɗakin da ake kullewa. Kuma kamar yadda kanal ke bukatar yasa in yashi da ciyawa sun taru, manhajar da ke cikin rauta tana bukatar sabuntawa, gama masu ƙera ta sukan toshe ɓarakar da aka gano. A duba wannan ko da sau biyu a shekara, a farkon rani da farkon damina.

Mu lura kuma, duk wannan tsaro ba zai ceci wanda ya miƙa asirinsa da bakinsa ba. Banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirrin katinsa, ko lambar da aka turo masa ta saƙo. Wanda ya kira ya nemi wannan, a kashe wayar.

A ƙarshe, kalma ga matasanmu waɗanda Allah ya ba su sanin waɗannan abubuwa. Hawa waifai ɗin wani ba da izininsa ba daidai yake da fasa hanyar ruwan maƙwabci da dare. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hana shiga na'urar wani ba izini, lamirinmu kuwa ya riga doka faɗa mana. Ku yi amfani da saninku ku taimaki iyayenku da dattawa, ku saita musu, ku bar su su rubuta kalmar sirrin da hannunsu. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi da ma'ajai, kuɗin data da sunayen mutane amana ce a hannunku. Kafin makon nan ya ƙare, a juya rautar nan, a karanta takardar da ke ƙarƙashinta, a sauya makullan biyu. Allah ya ba mu hikima, ya sa albarka ga aikin ranin bana. Sai mun sake saduwa.