Awo Ya Nuna GBS: Ina Ya Kamata A Haihu?

Kwanan baya, da aka tashi daga taron wata ƙungiyarmu ta gama kai, wani manomi ya ja mu gefe, ya zaro katin awon matarsa daga aljihu. Cikinta ya shiga wata tara. Ta je awo babban asibiti, aka yi mata wani gwaji, aka rubuta haruffa uku a kan katin da jan biro: GBS. Malamar asibiti ta ce mata lalle ta zo asibiti ta haihu, ta kuma zo da wuri. Ita kuwa haihuwarta uku duk a ɗaki ta yi su lafiya lau, ungozoma na gefe. Tun ran nan ba ta barcin kirki. Gwaggonta ta ce ai ciwon sanyi ne, a tambayi mijin inda ya kwaso shi. Shi kuma abin da ke cin ransa, ko aiki za a yi mata, ga masara ba ta isa girbi ba balle ya sayar ya biya.

Mun ba shi amsa a nan tsaye. Amma muka ga ba gidansa kaɗai wannan kati zai shiga ba, shi ya sa muka kawo maganar nan domin kowa ya ji.

MECE CE GBS?

Wata ƙwayar cuta ce, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta. Likitoci suna kiranta sitiref rukunin B, a taƙaice GBS. Abin mamaki, masu kiwo sun riga ungozomomi saninta. A shekarar 1887 wani likitan dabbobi a Faransa, Edmond Nocard, shi da abokin aikinsa, suka same ta cikin hantsar shanu masu kumburi, waɗanda nononsu ya ƙafe. Sunanta na boko ma, Streptococcus agalactiae, ƙarshensa yana nufin rashin nono. A 1933 wata masaniya a Amurka, Rebecca Lancefield, ta kasa ire-iren waɗannan ƙwayoyi rukuni rukuni, wannan ta faɗa cikin rukunin B. Sai a shekarun 1970 likitocin Amurka suka lura ita ce kan gaba wajen kwantar da sababbin jarirai.

Ba sai mace ta taɓa saniya za ta same ta ba. Ƙwayar tana zaune a hanjin mutane da yawa, maza da mata, masu cikakkiyar lafiya. Daga hanji takan sauko zuwa gaban mace. Takan zo, takan tafi, galibi ba ƙaiƙayi, ba ciwo, ba wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kamar mata 15 cikin kowane 100 masu juna biyu suna ɗauke da ita, wato kusan miliyan 20 kowace shekara.

To, ga amsar gwaggo. Ba a lissafta GBS cikin cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciya ba. Ba alamar ƙazanta ba ce, ba kuwa shaidar wani ya ci amanar wani ba. Mijin ba ya bukatar magani. Kada a ta da rigima a gida a kan wannan.

INA HATSARIN YAKE?

Hatsarin yana kan jariri, ranar haihuwa. Sa'ad da faya ta fashe, ko sa'ad da yake bin hanyar fitowa, yakan gamu da ƙwayar. Yawancin jarirai ba abin da ke samunsu. Amma kaɗan daga ciki, ƙwayar takan shiga jininsu, ko huhunsu, ko ta kawo musu sanƙarau. Jaririn da aka haifa da safe yana kuka da ƙarfi, kafin dare yana iya fara nishi, ya ƙi nono, ya yi laushi. Ciwon yana da sauri.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da lissafi mai sauƙin riƙewa. In uwa tana ɗauke da ƙwayar, ba a kuwa yi mata allura lokacin naƙuda ba, jariri 1 cikin 200 yakan kamu. In an yi allurar, sai ya zama 1 cikin 4,000. Wani zai ce 1 cikin 200 ai kaɗan ne. Gaskiya ne, shi ya sa muka ce wa matar nan ta kwantar da hankalinta. Amma in aka tara duniya duka, rahoton nan na 2021 ya ce ƙwayar tana kashe jarirai wajen 91,000 a shekara, ban da wajen 46,000 da ake haifa ba rai. Wajen rabin wannan nauyi yana kan ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara.

YADDA AKE GWAJIN

Ana shafo ɗan danshi da auduga a kan tsinke daga bakin gaban mace da bakin dubura, a kai ɗakin gwaji. Bayan kwana biyu ko uku sakamako ya fito. Ba zafi. Ana yi ne gab da ƙarshe, domin ƙwayar ba ta zama wuri ɗaya, kuma sakamakon ba ya daɗewa da amfani fiye da mako biyar. A Amurka tun 2002 ake gwada kowace mai ciki, yanzu kuwa a mako na 36 zuwa 37 suke yi. A Ingila ba sa gwada kowa, sai su duba alamun hatsari su ba da magani bisa ga haka. Wani lokaci kuma a gwajin fitsari ake tsintar ƙwayar.

MAGANI YANA DA LOKACINSA

Nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Manomin nan ya tambaye mu, me zai hana ya je kyamis ya sayo mata kafso ta sha tun yanzu a huta? Muka ce masa, ka san tofa. In ka sare ta wata guda kafin shuka, ranar shuka za ka tarar ta tofo, domin saiwarta tana ƙasa. Haka GBS take. Saiwarta tana hanji. Kafso zai rage ta na 'yan kwanaki, ta dawo kafin ranar haihuwa, an yi hasarar kuɗi a banza. Tsarki da ruwan ganye, ko cusa wani abu a gaba, shi ma ba ya kawar da ita. In a fitsari aka same ta da yawa, likita zai ba da magani nan take saboda lafiyar uwa, amma duk da haka sai an yi allurar ranar naƙuda.

Maganin da ke tsare jariri shi ne fenisilin ko amfisilin, ta jijiya, irin yadda ake ƙarin ruwa. Ana farawa da zarar naƙuda ta kama ko faya ta fashe, a maimaita kowane awa 4 har a haihu. Ya fi amfani in ya shiga jiki aƙalla awa 4 kafin jariri ya faɗo. Allurar ɗuwawu ba ta maye gurbinsa. Macen da fenisilin ya taɓa sa mata borin jini, ko kumburin fuska, ko sarƙewar numfashi, ta faɗa tun a wurin awo, akwai wani maganin da za a ba ta.

Ku lura da awa 4 ɗin nan. Mai haihuwar fari naƙudarta takan daɗe. Mai haihuwa ta huɗu ko ta biyar kuwa, kafin a nemo babur ta sauka. Saboda haka gwanayen haihuwa su ne suka fi bukatar tashi da wuri.

HANYOYIN DA KE GABAN IYALI

Haihuwa a ɗaki. Ungozoma tana da daraja, ta kuwa karɓi yawancinmu. Amma ba ta da allurar jijiya, ba ta da abin auna numfashi da zafin jariri. Ga mai GBS, ba mu ba da shawarar haihuwa a gida ba. Ungozomar ta raka ta asibiti, wannan babban taimako ne.

Ƙaramin asibitin ƙauye. Yana iya isa, in ciki ya cika watanninsa, ba kuma wata matsala. Amma a je tun yanzu da katin a yi tambaya biyu: kuna da fenisilin ko amfisilin na jijiya a ajiye? Akwai mai kwana a nan da dare wanda ya iya sa shi? In amsar ɗaya ta zama a'a, a nemi wani wuri.

Babban asibiti. Nan ya kamata a nufa in naƙuda ta zo kafin mako 37, ko uwa tana zazzaɓi, ko an taɓa haifar jaririn da wannan ciwo ya kama. Bakwaini ya fi kowa shiga hatsari, yana bukatar wurin da ke da ɗakin jarirai.

Aiki. Ga amsar maigidan: GBS kaɗai ba dalilin yi wa mace tiyata ba ne. Mai GBS tana haihuwa da kanta kamar kowa. In dama an shirya aiki saboda wani dalili dabam, aka kuma yi shi kafin naƙuda ta fara, faya ba ta fashe ba, to ba a bukatar allurar GBS. Amma in naƙuda ta riga ranar aikin, sai a hanzarta a faɗa musu.

In faya ta fashe, naƙuda shiru. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ce bari a jira ciwo ya kankama. Faya ita ce dangar jariri. In ta ɓalle, hanya ta buɗe wa ƙwaya, kowace awa kuwa hatsari yana ƙaruwa. A tafi nan da nan, ko tsakar dare ne. In ciki ya cika, likita zai fara allurar, galibi kuma ya sa maganin ta da naƙuda.

In kuwa an makara, aka haihu a hanya ko da isa ƙofar asibiti, kada a ce ai an gama, a juya gida. A shiga a nuna katin, a bar jariri a hannun ma'aikata kwana ɗaya ko biyu su sa masa ido.

WADDA BA A YI WA GWAJI BA FA?

A yawancin ƙananan asibitocinmu ba a yin wannan gwaji. Saboda haka mata da yawa suna ɗauke da ƙwayar ba su sani ba. Alamun da likita ke dubawa ya ba da allura ko ba gwaji su ne: naƙuda kafin mako 37, faya ta fashe awa 18 ko fiye ba a haihu ba, zafin jikin uwa ya kai digiri 38 lokacin naƙuda, ko an taɓa samun jaririn da ya kamu. Kowace mai ciki da mijinta su san waɗannan huɗu. A kuma riƙe lokacin da faya ta fashe, domin shi ne tambayar farko da za a yi muku.

BAYAN HAIHUWA

Yawancin jariran da ke kamuwa da wuri sukan nuna cikin awa 24 na farko. Akwai kuma wanda ke zuwa daga baya, daga kwana 7 har wata 3, allurar naƙuda kuwa ba ta hana wannan. Don haka ido ba zai rufe ba bayan suna. A garzaya asibiti in jariri ya ƙi kama nono, ko yana nishi, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya yi laushi ba ya farkawa, ko yana jijjiga. Kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi, kada a jira gari ya waye. Nono kuwa a ci gaba da ba shi, mai GBS tana shayarwa kamar kowace uwa. In ta sāke samun ciki, ta faɗa a wurin awo cewa an taɓa samun ƙwayar.

Masana suna aikin allurar rigakafi da za a yi wa uwa tun tana da ciki. A 2023 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu mai ƙarfafa zuciya. Amma matar da ke wata tara yau, abin da ke hannu shi za ta yi amfani da shi.

AIKIN ƘUNGIYA

Maganin nan tsohon magani ne, ba shi da tsada ainun. Abin da ke hana mata samunsa shi ne nisa, da rafi da ya cika, da rashin kuɗin mota a hannu, da maigida yana gona ko kasuwa ba wanda zai ba da izini, da kunya. Mace takan ɓoye naƙuda tun safe tana daka, kada a ce ta cika raki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Maza su faɗa wa matansu tun yanzu, a gaban iyaye, cewa in ciwo ya zo su tafi ko ba sa nan.

Mun iya haɗa kuɗi mu sayo taki tun kafin ruwa ya sauka. Irin wannan shiri ake bukata. Ƙungiyar manomin nan ta zauna ta yi abu uku. Ta ba shi rance daga asusu, ya biya bayan girbi. Ta yi magana da mai a-kori-kura da ke kwasar musu kaya, aka rubuta lambar wayarsa a bayan katin. Da yake kuma damina ce, rafinsu yakan hana ƙetarewa kwana biyu, matar ta koma wurin ƙanwar mijin a gari mako biyu kafin lokaci, matan ƙungiya suka raba kwanakin dafa wa yaran da ta bari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga tambayoyi domin taronku na gaba. Mata nawa ne a gidajen 'yan ƙungiyarku za su haihu kafin kaka? Wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar jijiya da dare, wa zai je ya tambayo? Nawa za ku ware daga asusu, a hannun wa kuma za a ajiye, yadda za a same shi ko da ƙarfe biyu na dare? Ku rubuto mana abin da kuka shirya, domin sauran ƙungiyoyi su koya.