Darasin Zane a Wayar Malami

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa azuzuwan firamare a Kaduna, daga Kawo zuwa Tudun Wada.

Darasin fasaha da al'adu yana cikin manhaja, amma a makarantu da yawa iyakarsa malami ya zana kofi a allo, yara su kwafa. Babu fenti, babu littafi, aji kuma ya cika maƙil. To amma Malam, Malama, akwai waya a hannunku.

Tun shekarar 2011 kamfanin Google ya buɗe dandalin da yanzu ake kira Google Arts & Culture, inda ake kallon kayan gidajen tarihi na duniya kyauta, a jawo hoto kusa har a ga sawun burushi. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ma ya ɗora hotunan kayansa a intanet, har da manyan rigunan Hausa masu aiki. Data na da tsada, wuta ba tabbas, mun sani. Sai a sauke hotuna huɗu ko biyar da dare, a tura wa sauran malamai ta Xender, gobe a zagaya da wayar benci-benci.

Kallo dai somin-taɓi ne. A nuna wa yara tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, sannan a ajiye waya a kawo yumɓu. Kowa ya gina tasa, ya yi mata ado da tsinke. Gawayi, lalle da tsohon kwali sun isa aikin zango guda.

Wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu su zana abu mai rai, kuma ya kamata a saurare su. Gadonmu bai rage mu da komai ba a nan. Ga zayyanar allon sauka, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga, ga dagin Arewa, ga adon bangon fadar Zazzau. Yaron da ya zauna ya warware yadda layin dagi ke shiga ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito sama, wallahi lissafi yake yi, ko bai sani ba.

Abin da ke damuna shi ne yaron Unguwar Sarki ya ga kan mutum-mutumin Nok a waya, alhali ga irinsa a gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975. Nok ɗin ma gari ne a ƙaramar hukumar Jaba, cikin jihar nan tamu. Shugabannin makarantu, a taimaka a nemi izinin iyaye, a jera yara a kai su. Daga Badarawa ko Unguwar Kanawa, tafiyar ba ta da nisa.

Bayan wannan ɗan kiɗa, za mu buɗe layi mu ji daga bakin malamai.