Daga ina iskar Jidda take tasowa?

Duk ɗan zango, a Nima yake ko Kumasi ko Tamale, ya san hunturu. Daga watan Disamba hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, tari ya yi yawa. Kaso mai yawa na wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. To, ita ma Jidda, birnin da ke bakin Bahar Maliya, inda alhazanmu ke bi kuma 'yan uwanmu da dama ke neman abinci, iskarta tana da asali, kuma masana sun daɗe suna bin sawunta.

Ga yadda suke yi. Suna ɗaukar iskar da ta iso gari yau, su ba kwamfuta bayanan gudun iska da inda ta fuskanta, sai kwamfutar ta koma da ita baya, awa bayan awa, har na 'yan kwanaki, ta nuna hanyar da ta biyo. Manhajar da aka fi sani a wannan aiki ita ce HYSPLIT, ta hukumar NOAA ta Amurka. Amma sakamakon rana ɗaya ba hujja ba ne. Sai an maimaita kullum na tsawon shekaru, a haɗa hanyoyin da suka yi kama da juna, sannan a gane wace iska ke zuwa a wane lokaci.

A mafi yawan shekara, iskar Jidda daga arewa da arewa maso yamma take zuwa. Tana fitowa daga wajen Bahar Rum da Masar, ta biyo tsawon Bahar Maliya, saboda duwatsun da ke gaɓa biyu sun yi mata kamar lungu. Da zafi kuwa, tsakanin Yuni da Agusta, iska mai ƙarfi kan kutso ta wata kafa a duwatsun Tokar na Sudan, ta kwaso ƙura ta ƙetare teku zuwa gaɓar Saudiyya. Wani lokaci kuma ƙurar daga hamadar cikin ƙasar take fitowa.

Lokacin haɗari shi ne daga Oktoba zuwa Janairu. Iska mai ɗumi da laima tana haurowa daga kudu, daga Tekun Larabawa da kudancin Bahar Maliya. Idan ta haɗu da iska mai sanyi daga arewa, sai hadari ya haɗu nan take. Ruwan ya zuba a kan tuddan gabashin birnin, ya gangaro ta busassun kwaruruka zuwa cikin unguwanni. Haka aka yi ranar 25 ga Nuwamba 2009, daidai da fara aikin Hajji, inda ambaliya ta hallaka mutum sama da 100. An sake yi a Janairun 2011. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 kuma an auna milimita 179 na ruwa a kudancin Jidda cikin awa shida, wato fiye da abin da garin ya saba samu a shekara guda.

'Yan uwa, wannan sani ya shafe mu. Kwanan Hajji yana dawowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka wata rana zai sake faɗowa cikin watannin ruwan nan. Masu Umra da mazauna can kuwa suna cikinsu kowace shekara. Idan hukumar hasashen yanayi ta Saudiyya ta yi gargaɗi, a saurara, kada a shiga hanyoyin ƙarƙashin gada da mota. Dattawa masu asma su riƙe maganinsu da takunkumi a lokacin ƙura. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.