Matacin Haske

Ko wane yaro ya san mataci. In mace za ta dama koko, ta kan zuba ƙullu a ciki, ruwan ya wuce, dusa ta tsaya. To, masu ɗaukar hoto ma suna da nasu matacin, amma su haske su ke tacewa. Wani ɗan gilashi ne kewayayye, mai zoben ƙarfe, a kan ɗaura shi gaban idon kyamara. Masu sana'ar suna ce da shi filta.

Hasken rana, ko da ya ke fari a ke ganinsa, ba launi ɗaya ba ne. Launukan bakan gizo duka suna cikinsa a gauraye. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, shi ya nuna haka wajen shekarar 1666. Aikin mataci ya tare wani sashen hasken nan, ya bar saura ya shiga. Ba ya ƙara kome, sai dai ya rage. Saboda haka kafin mai hoto ya zaɓa, sai ya duba abin da ya yi yawa.

In ƙyalli ne ya yi yawa, kamar a kan tafki ko gilashin taga, akwai mai kashe ƙyalli. Wani Ba'amurke, Edwin Land, shi ya samo hanyar yin irinsa da araha, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Mai hoto ya kan juya zobensa sannu sannu yana leƙe, har ƙyallin ya mutu, a ga kifi cikin ruwa. Amma yana cin fiye da rabin haske, don haka ba shi da amfani da almuru.

In rana ce ta ƙwalle, akwai mai duhu kamar baƙin tabarau, wanda ke rage dukan launuka daidai wa daida. Masu launi kuwa an fi amfani da su wajen hoton fari da baƙi. Mai ruwan ɗorawa ya kan tare shuɗi, sama ta yi duhu, gajimare ya fito sarai.

Akwai kuma wanda ya ke garau kamar ruwa. Babban aikinsa tsare idon kyamara daga ƙurar hunturu, ko tsakuwar da kofaton doki ya watso ranar hawan Salla. In ya fashe, hasarar kaɗan ce. Idon kuwa, kuɗinsa da yawa.

Sa'an nan sai maganar girma. A bakin idon, ko cikin murfinsa, akwai lamba kusa da wata alama haka: ø. In an ga 52, ko 58, ko 77, faɗin bakin ke nan da milimita. Lalle lambar mataci ta zama ɗaya da ita. In ya fi bakin girma, akwai zoben da ke haɗa su.

Wajen ɗaurawa, a fara kaɗe ƙura da ɗan mafurin roba, kada a goge ta, don ta kan karce gilashi. A riƙe mataci ta gefe, a aza shi sosai, a murɗa dama a hankali kamar murfin kwalba. In ya cije, a kwance a sake, kada a yi masa ƙarfi. Kada kuma a jera su da yawa, kusurwoyin hoto za su yi baƙi.

Mai hoto mai hankali tun a gida ya ke gama duk wannan. Domin in mahaya sun zabura, ba wanda zai ja linzami ya jira shi.