Yadda ƙofar zuciya ke sandarewa

Ƙofar da ke tsakanin zuciya da babbar jijiyar jini tana buɗewa da rufewa kusan sau 100,000 a rana. A da an ɗauka tsufa ne kawai ke sandarar da ita. Ashe da sauran magana. Idan siririyar fatar da ta lulluɓe ta ta ji rauni, kitsen jini kan kutsa ciki, ƙwayoyin garkuwar jiki su biyo sawu, wurin ya kumbura. Daga nan ƙwayoyin halittar ƙofar su sauya aiki, su riƙa tara kalsiyam kamar masu gina ƙashi, hanyar jini ta ƙuntata. Abin takaici, magungunan rage kitse na statin ba su tsayar da cutar ba. Idan ta tsananta, sai dai a sauya ƙofar.